Yadda Aka Karya Hannun Manu a Kumashi

A Gaya ta ƙasar Faransa, bakin Kwara, aka fara kirana ɗan Ingilishi. Wani mai tsaron mashigi ne ya kira ni haka, sanye da jar hula, Hausarsa irin tamu sak, har da “mi” da “awo” ɗinsa. Ya zungure kwandon kifina da sanda ya ce, “Ku 'yan Ingilishi ku koma can baya, sai namu sun gama ƙetarewa.” Na waiga in ga da wa yake, ashe da ni yake. Ni da sau ɗaya tak na taɓa ganin Bature, shi ma daga nesa. Muka wuni a rana muna kallon kwalekwale na zuwa yana dawowa da mutanen da in ka rufe ido ka ji maganarsu sai ka rantse 'yan unguwarmu ne.

Sunana Arzika, mutumin Kalgo. Gidanmu Kabawa ne, masunta tun kakanni. Abokin tafiyata Manu, Bafillatanin Gwandu, gidansu na wajen gari ta hanyar Malisa. Kowane rani iyayensa kan gangaro da shanu fadamar Kalgo su sauka bayan gidanmu, uwarsa ta ba uwata nono, uwata ta ba ta kifi. Haka muka tashi tare. Da ruwa ya cinye mana shinkafa damina biyu a jere, su kuma ciwo ya shiga garkensu ya rage musu abin da bai taka kara ya karya ba, sai muka yanke shawarar bin sawun masu zuwa ƙasar Gwanja, wadda ake kira Gana yanzu. Lokacin saura kaɗan a ba ta mulkin kai. Jarinmu duka kwanduna biyu ne na kyafaffen kifi da mahaifina ya tara mana.

Kifin nan bai wuce Zugu ba. Mun shiga kasuwar garin da hantsi, ƙafafunmu sun kumbura, muna tambayar inda ake sayar da kifi, sai wani mutum mai farar riga ya ji maganarmu ya taso da gudu.

“Ɗiyan gida! Wallahi ɗiyan gida ne! Daga ina?”

Na ce Kalgo. Ya rungume ni har hawaye na zubo masa. Ya ce shi mutumin Bunza ne, sunansa Nomau, ya shekara goma bai ji Hausar gida ba. Ya tambayi labarin tafkuna, ya kira sunayen mashigai daidai, ya kai mu wani ɗaki ya sa aka kawo tuwon shinkafa. Muna ci yana yi mana gargaɗi.

“Kada ku kuskura ku nuna wa Dendawan nan kayanku. Ba su ƙaunarmu. In suka ga baƙo sai sun tsotse shi. Ku bar mini, ni zan kai wa wani namu.”

Manu ya dube ni, na dube shi. Wa zai ƙi ɗan gida a ƙasar da ba ka san kowa ba? Muka ɗora masa kwandunan da hannunmu. Har yau ban sake ganin Nomau ba. Ɗakin ma ashe ba nasa ba ne, tuwon kuwa bai biya mai shi ba.

Mai tuwon wata Badendiya ce mai jiki, ɗaya daga cikin mutanen da aka ce mu guje wa. Ta zo da faɗa, hannu a ƙugu, ta tarar da mu zaune kamar an yi mana mutuwa. Da ta gane abin da ya faru sai ta yi tsaki, ta faɗi wata magana da yarensu, ta koma. Can sai ga ta da wani kwano, ta dire a gabanmu ta ce da gurɓatacciyar Hausa, “Ci. Shi ɓarawo. Kullum shi kuka, kullum ɗan gida.” Mun kwana uku a rumfarta, ina yi mata faskare, Manu na ɗebo ruwa.

Ita ce ta haɗa mu da wani falke mai kora shanu zuwa Kumashi. Yana ganin Manu ya san ya sami makiyayi. Ni kuwa ya kalle ni sama da ƙasa ya ce ba ya buƙatar masunci. Manu ya ce in ba a ɗauke ni ba shi ma ba ya zuwa. Da haka na zama makiyayin dole. Ban san yadda ake tare sa ba, ƙaho ya matso in ruga, 'yan uwan tafiya su yi ta dariya. Daga Sansanin Mango zuwa Yandi, daga Yandi zuwa Salaga, Manu ke yin aikinsa ya yi nawa. In na gaza sai ya ce, “Riƙe wutsiyar waccan, Arzika, tsohuwa ce, ba ta harbi.” A Yeji ne kawai na rama, don da ya ga faɗin kogin sai ya ja da baya ya ce ba ya shiga. Na zaunar da shi tsakiyar jirgi, na ce ya sa kansa a gwiwata ya rufe ido, ina ba shi labarin banza har muka taka ƙasa.

Muka isa Kumashi cikin ruwan sama, garin da ban taɓa ganin irin girmansa ba. A zango, wato unguwar baƙi, muka tarar kowane gari da gidansa. Kanawa da nasu masauki, Katsinawa da nasu, Zabarmawa da Mosawa da Yarbawa kowa da nasa. Ba ka samun wurin kwana ko aiki sai ta hannun maigidan mutanenku. Aka nuna mana gidan Gwandawa. Maigidan wani Alhaji Dikko ne, dillalin goro, fari dogo, yana zaune a zaure kan buzu da carbi. Manu ya durƙusa ya faɗi sunan mahaifinsa da na kakansa. Fuskar Alhaji ta washe.

“Ai na san kakanka. Marhabin, ɗana. Akwai tabarma, akwai aiki a tasha.” Sai ya juyo gare ni, idonsa ya tsaya a kan tsagen kumatuna. “Wanga fa?”

“Ɗan uwana ne, Baba. Mutumin Kalgo.”

“Bakabe ne.”

“Ranka shi daɗe, Kalgo ai ƙasar Gwandu ce,” in ji ni. “Sarkinmu ɗaya, inda kuke kai haraji nan muke kaiwa.”

“Ban ce ba ku kai haraji ba. Amma gidan ga na Gwandawa ne. Kakanninku da namu sun san abin da ke tsakaninsu. Ga gidan Kabawa can bayan masallaci, su karɓi nasu.”

Manu ya yi ta magiya, Alhaji bai sauya ba. Ya ce to shi ma zai tafi. Ni na hana shi. Na ce ya zauna, in ɗayanmu ya sami wurin sa haƙarƙari ai an rage wahala, kuma ga gidan mutanena can kusa.

A gidan Kabawa an tarbe ni da murna tun daga ƙofa, don fuskata ta riga ni yin sallama. An ba ni ruwa, an shimfiɗa mini tabarma. Sai dattijon gidan ya tambaye ni garinmu. Na faɗa.

“Kalgo? Wane sarki kuke bi?”

“Na Gwandu, Baba.”

“To. Ku ne kuka miƙa wuya kuka zauna, mu iyayenmu suka ƙi. Kuma an ce da Bafillace ka shigo garin nan.” Ya karkaɗe rigarsa. “Ka sha ruwa, Allah shi ba ka sa'a. Amma ba mu kwana da kunnen Dikko a ɗaki.”

Na fito na tsaya a bakin kwata, ruwa na dukana. Yaƙin Kabawa da Gwandawa da suke magana a kai an gama shi tun ba a haifi mahaifina ba. Waɗanda suka yi shi duk suna cikin ƙasa. A Kalgo ba wanda ya taɓa tayar mini da zancen. Sai da na yi tafiyar wata da watanni, na zo garin da dukkanmu baƙi ne, sannan aka tono shi aka aza mini a ka.

Na koma kwana a tasha, ƙarƙashin rumfar da ake jibge huhunan goro. Manu kan ɓoyo rabin abincinsa a cikin riga ya kawo mini. Wata safiya ina wanke fuska a famfo sai wani gajeren mutum mai faffaɗar kafaɗa ya tsaya yana kallona. Ya ce ya daɗe yana ganina a nan, ba ni da mutane ne? Na ce ina da su har gida biyu. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sunansa Hamani, Bazabarme daga wajen Doso, ɗan dako. Ya cire gammonsa ya miƙo mini.

“Lokacin goro ne, hannu ya yi mana kaɗan. Zo in kai ka wurin babbanmu. In ya tambaye ka, ka ce kana iya ɗaukar buhu. Ko ba ka iya ba ka ce kana iyawa.”

Haka na shiga ƙungiyar Zabarmawa. Ba su taɓa kiran sunana ba in ban da Hamani, kowa “Hausa” yake ce mini, kuma in an zo rabon aiki ni ake bar wa motar da ta fi nisa da sito. Amma na sami gefen tabarma a ɗakin Hamani, mu takwas kamar kifi a kwando. Shi ya koya mini yadda ake durƙusa wa buhun koko don kada ƙugu ya tsinke, shi ya koya mini cin dokunu, tuwon masararsu mai tsami, da barkono. Ban taɓa sabawa da abincin ba. In na rufe ido sai in ji ƙanshin fadama bayan ruwa ya janye, in ga uwata tana juya kifi a kan wutar banda, hayaƙi na sa ta hawaye tana yi mini faɗa. Wata rana na ji wani makaho na roƙo da irin muryar mutanenmu, na bi shi har ƙarshen layi ba don komai ba sai don in ƙara ji.

A tashar nan kowace ƙungiya da ɓangarenta. Motocin da ke tsayawa gabas na mutanen Alhaji Dikko ne, na yamma na Zabarmawa. Ina hango Manu da buhu a ka, shi ma yana hango ni, amma ba dama mu gaisa da kyau. An ja masa kunne cewa yana kai wa abokan gaba sirri. Wane sirri ke ga ɗan dako? Da farko mukan haɗu ran Juma'a mu tsaya sahu ɗaya. Sai rigimar jam'iyyu ta shigo zango, manya suka rabu biyu, kowane ɓangare ya ce ba ya bin limamin ɗayan. Gidan Dikko suka bi wani masallaci, ɗakinmu suka bi wani. Har sallar ma aka raba mu.

Mun fi shekara a haka. Sai ƙasar ta sami mulkin kai. Aka yi kiɗa, aka cika gari da tutoci, har mu muka taya su murna, don mutum ya karɓi ƙasarsa abin farin ciki ne. Amma ba a daɗe ba samarin Tonawa, wato 'yan asalin garin, suka fara tsayawa bakin tasha suna cewa ƙasa ta zama tasu, don me baƙi za su cinye aikin? Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, su ma yunwa suke ji. Masu kula da tasha suka ware musu kashi guda na motoci. Abin da ya rage mana ya zama bai isa ƙungiya biyu ba.

Ana nan sai Manu ya same ni a famfo, ya ce Alhaji Dikko na nemana. Na ɗauka wasa yake yi. Na je na tarar zaure cike, har da dattijon nan na gidan Kabawa a zaune kusa da Alhaji, suna shan shayi kofi ɗaya. Alhaji ya nuna mini wuri a kan tabarma.

“Zauna, ɗana Arzika. Mun kafa ƙungiyar 'yan Nijeriya. Ba Bakabe, ba Bagwande, ba Bakano, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Mu da mutanen ƙasar ga Bature ɗaya ya mulke mu, muna da haƙƙi. 'Yan Faransa, Zabarmawan nan, su ne baƙi na gaskiya. Za mu nemi a bar mana ɓangaren yamma. Kai ka san motocinsu, ka san direbobin da ke ba su aiki. Ka dawo cikin 'yan uwanka. Kishin ƙasa wajibi ne.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ran da na zo nan cikin ruwa, ba daga Nijeriya na fito ba?”

“Wancan ya wuce.”

“Mutumin da kuke so in taya ku kora, a tabarmarsa nake kwana.”

Wani saurayi ya miƙe, Sambo, ɗan ƙanen Alhaji, shi ne shugaban 'yan dakon gidan. Ya nuna ni da yatsa. “Na faɗa muku, Baffa. Wanda ba shi da asali ba shi da kishi.” Manu ya ce masa ya iya bakinsa. Alhaji ya ɗaga hannu, ya ce in je in yi tunani. Na tashi ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Kafin in isa ɗaki labari ya riga ni. Na tarar an ɗaure 'yan tsummokarana an ajiye a ƙofa. Babban Zabarmawa ya ce an gan ni a zauren Dikko ana ba ni shayi. Na rantse ko kofi ban taɓa ba. Ya ce, “Hausa, jini ba ya ƙarya. Ranar faɗa wurin naku za ka koma.” Hamani ya yi ta musu da shi da yarensu har jijiyar wuyansa ta tashi, ba a saurare shi ba. Ya rako ni waje, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, “Ka yi haƙuri, Arzika. In na ƙara magana ni ma waje za su yi da ni, ga iyali a gida suna jira.” Na koma rumfar goro, inda na fara.

Faɗan ya tashi ne wata ranar kasuwa da hantsi. Wata babbar mota ta shigo daga arewa cike da buhunan wake, direban baƙo ne, bai san ƙa'ida ba, ya tsaya tsakiyar fili. Mutanen Sambo suka rugo daga gabas, Zabarmawa daga yamma. Aka fara da cacar baki, wani ya ja buhu, wani ya fizge, sai sanduna suka fito. Ni ina gefe, ba na cikin kowa, na dai matso ne don na hango Hamani ya faɗi ana tattaka shi. Na sunkuya na kama hannunsa ina ja. Sai na ji Sambo na ihu a bayana.

“Ga munafukin nan! Ga shi yana ɗaga su!”

Na waigo na gan shi da ƙarfen da ake ɗaga taya, ya ɗaga shi sama da hannu biyu, kaina yake nema. Ban ga ta inda Manu ya fito ba. Na dai ga ya shiga tsakani ya tare da hannun dama, na ji ƙarar ƙashi kamar an taka busasshen kara. Ya zube a kaina. Sambo ya tsaya baki buɗe, ya yar da ƙarfen ya ruga. Sai ga usur ɗin 'yan sanda, fili ya watse.

Ba wanda ya tsaya sai ni da Hamani, shi ma goshinsa na zubar da jini. Hannun Manu ya lanƙwashe ta inda bai kamata ba, ƙashi ya huda fata. Hamani ya jawo wani amalanke, muka ɗora shi, shi yana ja ina turawa, muka hau tudun nan har asibiti. Yana ja yana waigowa yana cewa, “Fillo, kada ka yi barci. Yi mini magana, Fillo.” Shi da bai taɓa ko gaisawa da Manu ba.

An ɗaure hannun, amma likita ya ce ba zai koma daidai ba. Kuma duk wahalar nan a banza. Masu kula da tasha suka ce tunda baƙi sun zama masu tada fitina, an kori ƙungiyoyin biyu duka, gabas da yamma an ba 'yan ƙasa. 'Yan Nijeriya da 'yan Faransa muka zauna a gindin bango ɗaya muna kallon wasu na sauke motocin da aka fasa kawuna a kansu. Ko a nan ɗin ma kowa da ɓangarensa na bangon.

Da aka sallamo Manu ya koma gidan Alhaji Dikko. Ashe an riga an shirya magana. An baza a zango cewa Zabarmawa ne suka karya shi, kuma ƙungiya za ta kai ƙara da sunansa don a mayar mata da aikinta. Aka tara mutane, aka zaunar da shi a tsakiya da hannunsa rataye a wuya, aka ce ya faɗa da bakinsa. Ina tsaye a ƙofar zaure ina ji.

“Baba,” in ji Manu, “Sambo ne.”

“Zafin ciwo ne ke sa ka ruɗewa, ɗana. Cikin hargitsi wa ke gane wani?”

“Na gane shi, Baba. Ɗaki ɗaya muke kwana. Na yafe masa, amma ba zan ɗora wa wanda ya kai ni asibiti ba.”

Alhaji ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce wanda zai tona asirin gida a gaban jama'a ba ɗan gida ba ne. Kafin la'asar an fito masa da tabarmarsa. Mutanen da suka yi shekara suna kiransa ɗan uwa suka sunkuyar da kai yana wucewa, ba wanda ya ce masa ko sannu.

Ba abin da ya rage mana a Kumashi. Hannun ya fara wari, zazzaɓi na kama shi, ni kuwa ɗan abin da nake samu a bakin kasuwa bai wuce na kunu ba. Hamani ne ya nemo mana hanya. Ya san wani yaron mota Bamoshe da ke bin motar goro zuwa arewa, ya yi ta roƙonsa har ya yarda ya ɗora mu a saman kaya. Ya rako mu har bakin mota da ƙullin garin rogo da ɗan sukari. Na tambaye shi ina zai nufa. Ya ce gonakin koko, ko Allah zai sa a dace. Na ce in ya taɓa biyowa ta wajenmu ya tambayi gidan masunta a Kalgo. Ya yi murmushi ya ce, “In masu jar hula na Faransa da masu baƙar hula na Ingilishi sun bar ni na ƙetare.” Wannan ce ganawarmu ta ƙarshe.

Komawar ta fi zuwan wuya. Inda mota ta tsaya muka ci gaba da ƙafa, inda Manu ya kasa na goya shi. A wani ƙauye kusa da Kandi wata tsohuwa ta wanke masa hannun da ruwan ɗumi da wasu saiwoyi, warin ya ragu. Ba ta tambaye mu ko mu su wane ne ba, ba ma jin yaren juna. Muka iso ƙasarmu ana girbin gero. Ban tsaya Kalgo ba, na wuce da shi Gwandu, don na yi alkawari a raina sai na danƙa shi a hannun uwarsa.

Innarsa na ganinsa ta saki ƙwaryar da ke hannunta. Ta shafa hannun nan da ya shanye ya zama kamar na yaro, ta yi kuka, ta juyo ta riƙe kaina tana sa mini albarka. Mahaifin Manu ya rasu muna can, don haka ƙanen mahaifinsa, Baffa Jaɓɓi, shi ne babba. Ya sa aka shimfiɗa mana a ƙarƙashin ƙirya, maza suka taru. Bai tambayi yadda muka iso ba, bai tambayi abin da muka ci a hanya ba. Tambayarsa ta farko ita ce, “Wace ƙabila ce ta yi maka haka?”

“Ba ƙabila ba ce, Baffa. Sambo ne, ɗan ƙanen Alhaji Dikko. Gidansu na nan cikin gari, kun san su.”

Baffa ya dubi mutanen da ke zaune, ya dubi ƙasa. Ashe akwai auratayya tsakanin gidajen biyu, kuma Alhaji Dikko kan aiko da goro da atamfa kowace sallah. Ya rage murya.

“Wannan magana ta tsaya a nan. Ba a jin Bagwande ya karya Bagwande a ƙasar wasu, abin kunya ne gare mu duka. Su wa kuka yi faɗan da su?”

“Zabarmawa, amma...”

“To Zabarmawa ne.”

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu. “Kai, ɗan Kalgo, mun gode, Allah shi saka. Amma wannan zancen gida ne.” Manu ya dube ni, idonsa ya cika da hawaye. Ya yi musu a Kumashi an kore shi, yanzu in ya yi musu a nan ina zai je da hannu ɗaya? Na girgiza masa kai alamar ya bari. Na kwana, da safe na kama hanyar gida.

Manu ya rayu shekaru da yawa bayan haka, yana kiwon 'yan awaki da hannun hagu, kuma bai taɓa faɗin ƙaryar da bakinsa ba. In an tambaye shi sai ya ce ƙaddara ce. Amma wasu sun faɗa a madadinsa, har ta zauna. Wata ranar kasuwa a Kalgo ina zaune gaban kifina, sai na ji wani mai sayar da igiya, mutumin da bai taɓa wuce Jega ba, yana ba jama'a labarin yadda Zabarmawa goma suka taru a kan wani bawan Allah ɗan Gwandu a Kumashi suka ragargaza masa hannu. Har yana nuna yadda suka yi. Ya ce shi ya sa ko ruwa ba ya ba Bazabarme.

Na kasa daurewa. Na ce, “Malam, ba haka aka yi ba. Ina wurin. A kaina ya faɗi. Bazabarme ne ma ya ja shi a amalanke zuwa asibiti.”

Ya kalle ni sheƙeƙe, ya juya ga mutanensa ya ce, “Ku ji wani kuma. Ana maganar ɗan ƙasarmu da aka zalunta, shi yana kare baƙi.” Suka yi mini caa, wani har yana tambaya ko nawa aka biya ni. Na juya ga kifina. Mai igiya ya gyara zama ya ɗauko labarinsa daga farko, wannan karon Zabarmawan sun zama ashirin.